Uwaisu Ya Shiga Zunguru

A shekarun da kamfanoni suka fara tsirowa a Chalawa, an yi wani majemi a wani ƙauye da ke bayan Panshekara, sunansa Uwaisu. In dai maganar fata ce, a faɗi gaskiya, Allah ya ba shi hannu. Ko a cikin duhun ɗaki ka miƙa masa fatar akuya, shafa ɗaya zai yi mata ya gaya maka inda wuƙar mahauci ta zame, da inda kaska ta taɓa kamawa, da ko a inuwa aka shanya ta ko a ƙasa aka yar. Sai dai Allah da ya ba shi hannu ya haɗa masa da baki, kuma bakin ya fi hannun aiki. Ba abin da Uwaisu ya tsana a duniya kamar a kira shi majemi. A ganinsa shi akawu ne da ƙaddara ta jefa cikin kwatarniyar bagaruwa, tun da ya yi aji uku a firamare, kuma yana iya rubuta sunansa in ba a tsaya a kansa ba.

Majemar ta baffansa ce, Baffa Idrisu. A nan Uwaisu yake aiki tare da Shu'aibu, ɗan Baffan, magidanci mai 'ya'ya uku wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ba rashin abin faɗa ne ya hana shi ba, Uwaisu ne ba ya barin fili.

Wata Litinin da la'asar sai ga Muntari, maigadin wani sabon kamfanin jima a Chalawa, ya jingine kekensa a bakin majema. Bayan an gaisa ya ce, "Uwaisu, saƙo aka ba ni wurinka. Kamfani na neman silekta, wato mai ware fatu, ya ce wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, wannan a yar. Litinin mai zuwa za a yi intabiyu. Akwai albashin wata, akwai babur."

"Babur?"

"Sabo fil. Alhaji Lawan, babban silekta, shi ya ce in gaya maka..."

"Ya isa haka. Mako guda ya ishe ni shiri."

"Ai ba wani shiri, cewa ya yi kawai ka..."

"Muntari," in ji Uwaisu, "kai ƙofa aka ba ka ka tsare. Abin da ake yi a cikin ofis ba huruminka ba ne."

Muntari ya haɗiye sauran maganarsa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya hau kekensa.

Uwaisu ya ɗauraye hannu, ya ɗauki kartajinsa, wuƙar nan mai mariƙi biyu da ake kankare gashin fata da ita, ya miƙa wa Shu'aibu. "Riƙe wannan, na bar maka gado. In na zauna a ofis zan duba ko akwai gurbin masinja." Sannan ya je gaban Baffa ya durƙusa. "Baffa, ku yafe ni. Daga yau na bar jima."

Baffa bai ɗago daga fatar da yake murzawa ba. "In ka je ba ka samu ba fa?"

"Ni? In ban samu ba, ku mai da ni kwasar kashin tattabaru shekara guda cur."

Kwasar kashin tattabaru kuwa shi ne aikin da ya fi kowanne ƙasƙanci a majema. Mutum zai ɗauki kwando ya bi gida-gida yana roƙon a bar shi ya share ɗakin tattabaru, don a samu abin jiƙa fatu su yi laushi. Rabon Uwaisu da wannan aiki shekara ashirin.

Baffa ya ce, "Shu'aibu, ka ji?"

"Na ji, Baba."

"To, an gama."

Kafin magariba duk ƙauyen ya san Uwaisu ya zama silekta, don shi da kansa ya bi majalisa-majalisa yana ba da labari, har ya nuna wa mutane gindin bishiyar da zai riƙa ajiye babur. Daga nan ya nufi wurin Labaran, masinja a wani kamfanin sabulu a Sharaɗa, wanda kafin nan ya yi shekara shida a Bompai. A ƙauyen ba wanda ya kai Labaran sanin intabiyu, domin ya sha kai shayi ɗakin da ake yin ta.

Labaran ya gyara zama ya ce, "Abu uku ake dubawa. Kwat, ƙamshi, da hannu. Kana shiga manaja zai miƙo maka hannu ku gaisa. Mu ga naka."

Uwaisu ya shimfiɗa su. Tafukan sun yi baƙi ƙirin da ruwan bagaruwa, ga kanta kamar bayan kunkuru, faratan kuwa ko magana babu.

Labaran ya girgiza kai. "Da wannan hannun, ko biro ba za a yarda a ara maka ba. Yana ganinsa zai ce majemi ne."

"Subhanallahi! Majemi?"

"Ƙarara. Hannun akawu laushi gare shi. Ka taɓa ganin akawu da kanta?"

Uwaisu bai taɓa gani ba. Ko ɗaya daga cikinsu bai tsaya ya tambayi kansa ba ko kamfanin jima zai ƙi majemi.

Ranar Talata tun da hantsi ya aiki matarsa Atika ta sayo lemon tsami rabin kwarya, ya karɓi dutsen da take goge kaushi, ya zauna a kan turmi yana ta dirza. Atika ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, wannan hannun fa shi ke ciyar da mu."

"Da ke nan. Yanzu kai ne zai ciyar da ke."

"To, Allah ya sa akwai abinci a cikinsa."

Ya yi kamar bai ji ba. Zuwa yamma baƙin ya ragu, kantar ta yi rabi, dutsen ma ya rame. Amma tafukan sun bushe sun yi fari-fari, suna jan zaren riga in ya shafa.

Washegari maƙwabciyarsu Mairama, tsohuwa mai gyaran amare, ta ji labari ta shigo. Ta juya hannun, ta yi tsaki. "Shekara talatin ina gyaran fata, ban taɓa ganin wanda ya nemi laushi da dutse ba. Zunguru za ka shiga."

"Zunguru? Inna, ni fa namiji ne."

"Laushi kake so ko mazantaka? Zaɓi ɗaya, ina da aiki."

Ya zaɓi laushi. Ta kawo zunguru biyu, dogayen goruna da mata ke zura hannu a ciki in sun ƙunsa lalle. Aka zuba ruwan ɗumi da madara da ragowar lemon tsami, aka shafa wa hannuwansa man shanu don su shiga, aka tura har gwiwar hannu, aka naɗe baki da tsumma. Mairama ta ce kada ya motsa sai an kira azahar.

Haka Uwaisu ya zauna a tsakar gida a kan tabarma, hannu biyu a miƙe kamar mai jiran a ɗora masa itace. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya yi ta hura masa iska da baki. Bayansa ya yi ƙaiƙayi, sai da Atika ta gama wanke-wanke ta zo ta sosa da muciya. Fura ma a baki ta ba shi, tana cewa, "Buɗe, ranka ya daɗe silekta." Ba a jima ba kawuna suka fara ɓullowa ta saman katanga. Matan unguwa ne, kowacce da uzurinta, wannan aron rariya, waccan neman kazarta.

Ɗaya ta ce, "Atika, ashe biki gare ku ba gayya?"

Wata ta ce, "Amarya ba ta magana ne? Ko sai an sayi baki?"

Uwaisu ya daka musu tsawa. "Ku yi dariyarku! Ranar da za ku ji ƙarar babur a ƙofar gidan nan, kowacce za ta zo gaisuwa."

Wata daga can baya ta rangaɗa guɗa.

Da aka kira azahar hannun dama ya fito da ƙyar. Na hagu ya ce bai san zance ba, don ya kumbura a ciki. Atika ta ja, Mairama ta ja, Uwaisu ya yi ta salati. Daga ƙarshe Atika ta ɗaga muciyar nan ta kwaɗa wa zungurun, ya dare gida biyu.

"Zungurun kakata!" in ji Mairama, ta dafe ƙirji.

Amma ba wanda ya kula ta, domin kowa hannun yake kallo. Daga yatsu har wuyan hannu sun yi jawur, faratan sun fi ko'ina rinewa. Mairama ta leƙa cikin fasasshen goran, ta ga busasshen lalle ya jiƙe ya yi kunu a gindi.

"Au," ta ce. "Ashe tun bikin Hadiza ban wanke su ba." Ta sake duban hannun da idon gwana. "Amma wallahi ya kama. Ko ita amaryar bai yi mata haka ba."

Ranar Alhamis Uwaisu bai leƙa waje ba. Ya wanke da sabulu, ya wanke da toka, ya wanke da kanwa, lalle sai ƙara kyau yake. Ranar Juma'a dole ta sa ya fita masallaci, ya zura babbar riga ya ɓoye hannuwa a ciki. Ana sallamewa mutane suka yo kansa, kowa na son ya gaisa da silekta. Wanda bai taɓa miƙa masa hannu ba ma ranar ya miƙo, don matansu sun riga sun ba su labari. Uwaisu ya ce ɗan karkare ne ya fito masa a yatsa.

"A duka goman?" in ji wani dattijo. "Kawo mu gani, ina da magani."

Uwaisu ya ce yana sauri.

Da yamma Labaran ya zo da wani farin gari a gwangwanin madara. Ya ce soda ce da ake sabulu da ita, ba tabon da ba ta ci. "Amma ɗan kaɗan za ka barbaɗa a ruwa mai yawa."

"Kaɗan ai na mai sauran wata guda ne. Ni kwana biyu ya rage mini." Ya juye gwangwanin duka a kwano.

Shu'aibu, da ya shigo duba shi, ya sunkuya ya ga ruwan yana ɗaukar zafi ba wuta. Ya ce, "Yaya, wannan fa ya fi ruwan tokar da muke zubar da gashi da shi."

"Kai da ba ka taɓa taka ƙofar kamfani ba, me ka sani? Wannan ilimin zamani ne."

Ya tsoma hannu biyu, ya ce zai ƙirga ɗari. Bai kai bakwai ba ya ƙwala ihun da ya tashi kajin gida uku. Ya yi tsalle ya haye turmi, ya dire, ya nufi randar ruwan sha ya zurma hannuwan har kafaɗa. Atika ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon ruwan da ta sha wahalar jawowa daga rijiya.

Zuwa Asabar fatar tafukan ta fara saɓulewa. Inda ta saɓule ya yi ja saboda ɗanyen nama, inda ba ta saɓule ba ya yi ja saboda lalle, faratan kuwa suna nan yadda Mairama ta bar su. Baffa Idrisu ya zo dubiya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka jiƙa, ka kankare, ka shafa mai, ka zubar da gashi. Bagaruwa kawai ta rage, da ka gama jeme hannunka. Ashe dai ba ka bar sana'a ba."

"Baffa, laushi ake nema, kuma an samu."

"An samu kam."

Labaran bai karaya ba, don ba hannunsa ba ne. Ranar Lahadi ya dawo da kwat da laktaye na ɗaurawa a wuya da farar safar hannu, duk aro daga wurin kukun manajansu. Ya ce manyan Turawa ma da safa suke gaisawa. Kukun gajere ne, saboda haka hannun kwat ɗin ya tsaya a rabin hanya, maɓalli kuma ya ƙi haɗuwa da ƙofarsa. Aka yi gwaji a zaure. Labaran ya hau kujera ya zama manaja, Uwaisu ya yi ta shiga yana fita.

"Ka shigo da sauri kamar an biyo ka. Koma!"

Ya koma ya shigo a hankali.

"Yanzu kuma kamar mai zuwa ta'aziyya. Koma! In na yi magana me za ka ce?"

"Yes sa."

"In ba ka gane ba fa?"

"Yes sa."

"Madalla. Ka ci intabiyu."

Ranar Litinin da sassafe Uwaisu ya juye kwalbar turare guda a jikinsa, har Atika ta yi atishawa uku a jere. Sai da aka fito da keke sannan aka gane ba zai iya riƙe kansa ba, yatsun ba sa lanƙwasuwa. Dole aka kira Shu'aibu daga majema, da rigar aikinsa da komai, ya goya shi a baya. Duk tsawon hanya Uwaisu na ba shi umarni. "In mun isa ka tsaya nesa da ni, kada warinka ya ɓata mini shiri. In an tambaye ka, ka ce kai direbana ne."

A bakin ƙofar kamfani Muntari ya dube shi sama da ƙasa, ya buɗe baki, ya tuna ƙofa aka ba shi, ya rufe. Ya nuna musu hanya da sanda.

Hanyar ba ofis ta nufa ba. Wani ƙaton sito ta kai su, mai duhu-duhu, an jibge ɗanyun fatu masu gishiri har kusa da rufi, ƙarni kuwa kamar ka yanka da wuƙa. Masu neman aiki su takwas suna tsaye a jere, kowa da tsohuwar rigarsa. Leburori sun daina ɗaukar kaya sun zo kallo. A kan wani ƙunshin fatu wani dattijo yana zaune da koɗaɗɗiyar taguwa da alli a bayan kunne, shi ne Alhaji Lawan. Shu'aibu ya raɓe a bakin ƙofa yana riƙe da keke.

Uwaisu ya taka yadda aka koya masa, ba sauri ba sanɗa, ya ƙame ya ce, "Gud monin sa!"

Alhaji Lawan ya miƙe da hanzari. "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ba a gaya mana duba-gari zai zo yau ba."

"A'a, Alhaji, intabiyu na zo."

"Au. To shiga layi." Ya ja hanci. "Wa ya fasa kwalbar turare a nan?"

Kowa ya saci kallon Uwaisu. Alhaji ya dubi layin ya ce, "Ni ba na tambayar suna, ba na tambayar takarda. Na tsufa, idona ya fara gajiya, magaji nake nema. Takardar majemi tana tafin hannunsa. Kowa ya shimfiɗa."

Ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, yana kama hannu yana juyawa yana latsa kanta. Nan ne Uwaisu ya lura da hannun Alhajin kansa: baƙi ƙirin, faratai masu kauri, kanta a kan kanta. Sak irin wanda shi ma yake da shi ranar Litinin da ta wuce. Zufa ta fara bin laktaye.

"Wannan na noma ne," in ji Alhaji, ya saki na farko. "Wannan na dako. Wannan ya taɓa jima, amma ya daɗe da bari." Da ya iso kan Uwaisu ya tsaya. "Cire safa."

"Yes sa."

"To cire mana."

"Alhaji, manyan Turawa ma..."

"Ni ba Bature ba ne. Cire."

Safar ta manne da ɗanyen nama, sai da wani lebura ya taimaka aka ja a hankali, Uwaisu na cije leɓe. Da hannuwan suka bayyana kowa ya zuba musu ido. Sannan wani daga cikin leburori ya ce, "Allah ya ba da zaman lafiya!" Sai wuri ya ɓarke. Wani ya faɗi a kan fatu yana riƙe ciki, wani ya ruga kiran na ɗakin injin su zo su gani.

Alhaji Lawan ya yi ƙoƙarin haɗe fuska. "Bawan Allah, daga gidan biki kake?"

"Tsautsayi ne, Alhaji. Amma ni da kuke gani, ba wanda ya kai ni sanin fata a ƙasar Kano. Ko ido a rufe."

"To, madalla. Dama haka ake gwajin."

Aka ɗaure masa ido da ƙyalle, aka ajiye fatu biyar a gabansa. A nan, a faɗi gaskiya, Uwaisu ya ji ƙarfin gwiwa, don wannan aiki ne da ya fi ƙarfin a koya masa. Ya kai hannu ya damƙi ta farko. Fatar kuwa jiƙe take da gishiri, hannun kuma ɗanye.

"Wayyo Allah!"

"Lamba nawa ke nan?" in ji Alhaji.

Uwaisu ya yarfe hannu, ya dake, ya sake shafawa da bakin yatsu. Ba abin da yatsun suka gaya masa sai raɗaɗi. Hannun da shekara ashirin bai taɓa yi masa ƙarya ba, yau ya zama kurma. Hawaye suka jiƙa ƙyallen, ba kuma duka ne na gishiri ba.

"Lamba ɗaya," ya ce da ƙarfi, don ya ga in za a faɗi gara a faɗi da murya.

Daga bakin ƙofa wata murya ta ce a hankali, "Yaya, akwai yankan wuƙa ta wajen haƙarƙari."

Alhaji ya waiwaya. "Wane ne wannan?"

"Direbana ne," in ji Uwaisu.

"Direba, jingine motar ka zo."

Shu'aibu ya jingine keke ya matso yana sunkuyar da kai. Alhaji ya kama hannunsa ya juya, ya latsa, ya daɗe bai saki ba. Aka kwance ƙyalle daga idon Uwaisu aka ɗaura wa Shu'aibu. Ya bi fatun nan biyar yana shafawa ba gaggawa. Ta farko lamba uku, saboda yanka. Ta biyu lamba ɗaya. Ta uku an shanya ta a ƙasa, rana ta ƙona ta, a yar. Ta huɗu lamba biyu, akwai cizon kaska a wuya. A ta biyar ya yi ɗan jinkiri, ya ce yana zaton lamba biyu ce, amma da Yaya ne da ya fi shi tabbatarwa.

Alhaji ya zare allin daga bayan kunnensa ya miƙa masa. "Daga wace majema?"

"Ta Malam Idrisu, bayan Panshekara."

Fuskar Alhaji ta washe. "Haba! Kai ne Uwaisu ke nan! Shi ya sa. Shekara takwas ina ganin aikinka a kasuwa, in na shafa fata na san wadda ta bi ta hannunka. Ai kai na aika Muntari ya kira. Cewa na yi ka taso daga bakin kwatarniya yadda kake, in ga hannun da idona, in ba ka alli. Me ya tsayar da kai a bakin ƙofa?"

Shu'aibu ya rasa inda zai sa kansa. "Alhaji, ni Shu'aibu ne. Ga Yaya Uwaisu nan."

Alhaji ya juya a hankali. Ya dubi kwat, ya dubi laktaye, ya dubi jajayen faratai. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Kai ne?"

"Ni ne, Alhaji." Turancin ya gudu. "Alhaji, zai warke. Mako uku, ko huɗu."

"Fatu dubu uku ke jiran a ware su kafin Alhamis. Ba za su jira ka yi sabuwar fata ba."

Shu'aibu ya miƙa allin. "Alhaji, aikin Yaya ne. Ya fi ni nesa ba kusa ba."

"Na sani. Amma hannu na aika a kawo mini, shi kuma ya bar shi a gida. Riƙe allinka."

Baƙin ciki ya kama Uwaisu, irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san ba wanda ya ƙwace masa komai. Amma baki bai mutu ba. Ya gyara laktaye da bayan hannu ya ce, "Karɓi mana, Shu'aibu. Dama ai na yi maka alkawarin zan sama maka wuri."

Aka riƙe Shu'aibu ya fara aiki nan take. Uwaisu ya fito yana tura keke da gwiwar hannu. A bakin ƙofa ya dubi Muntari da jajayen idanu ya ce, "Kai kuma me ya hana ka faɗa mini saƙon duka?"

"Ni ƙofa aka ba ni," in ji Muntari, ya buɗe masa ita.

Sai bayan azahar ya isa ƙauye, kwat ya jiƙe sharkaf. Ya so ya zagaya ta bayan gari, amma hanyar ta bi ta bakin majema, kuma Baffa Idrisu na zaune a wurin da kwando da tsintsiya a gefensa, kamar wanda aka yi wa waya. Bai tambayi yadda aka yi ba, ganin keke ba Shu'aibu ya ishe shi. Ya tashi ya ɗauki kartajin Uwaisu ya rataye a ƙusa can sama.

"Yana nan yana jiranka, baɗi war haka. Ka fara da gidan Mairama, ta fi kowa tattabaru. Safar nan ma kada ka mayar tukuna, za ta yi maka amfani."

Bayan kwana goma aka ji ƙarar babur a ƙauyen, kamar yadda Uwaisu ya yi alkawari, matan unguwa kuma suka fito, kamar yadda ya ce za su fito. Shu'aibu ya tsaya a gindin bishiyar nan da Uwaisu ya zaɓa, ya kashe inji. Daidai lokacin Uwaisu ya fito daga gidan Mairama da kwando a ka, farar safa ta koma ruwan toka.

Shu'aibu ya sauka ya rusuna. "Yaya, kawo in rage maka hanya."

Uwaisu ya dubi baburin, ya dubi matan, ya gyara zaman kwandon. "Bar shi. Je ka huta, gobe kana da aiki. Kuma ka riƙe shi da kyau, kada ka ba ni kunya a wurin Alhaji Lawan. Kai ma ka ji da kunnenka, ni ya aika a kira."